Na nemi Ali, kwamfuta ta kawo mini Halima

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da rajistar ɗalibai a wata Islamiyya a Zariya. Ƙanena ya sa mini Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a tsohuwar kwamfutata, ya kuma koya mini neman suna da grep, umarnin da ke binciko rubutu a cikin fayil. Amma in na rubuta grep -i ali dalibai.txt, sai ta zubo mini Aliyu da Salisu da Halima da Khalid. Ali kawai nake nema. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ba ki kuskure ba, abin da kika aike ta shi ta kawo. Ita grep ba ta san suna ba, jerin haruffa take bi. Duba Halima da kyau: a, l, i suna nan jere a tsakiyarta, haka Salisu. Ga shi kuma kin sa -i, wanda ke cewa kada a bambanta babban baƙi da ƙarami, shi ya sa kowa ya shigo.

Maganin harafi ɗaya ne:

grep -iw ali dalibai.txt

Wannan w ɗin yana hana ta karɓar layi sai in abin da ake nema ya tsaya da ƙafarsa, wato babu harafi, lamba ko layin ƙasa (_) manne da shi ta gaba ko ta baya. Aliyu ya fita ke nan, Halima ma ta koma gida.

Sai dai akwai rami a nan, kuma mu masu rubutu da Hausa muka fi faɗa masa. Ken Thompson ne ya rubuta grep a Bell Labs da ke Amurka wajen 1973, kuma ma'anar "kalma" da ake amfani da ita ba ta yi la'akari da hamzarmu ba. A wurin grep, alamar da ke cikin Asma'u ko Sa'adatu iyaka ce, tamkar fili. Don haka in kika nemi Asma da -w, Asma'u za ta biyo ta. Karan ɗori ma haka: nemi "kai", za ki samu "kai-tsaye". Ni kaina na taɓa ƙirga kalmar "sana" a wani rubutu, na sami adadi mai yawa har na yi mamaki, ashe duk "sana'a" ce.

In suna ɗaya ne a kowane layi, kamar yadda nake zaton wasu rajistocin suke, bar -w ki ɗauki -x, wanda ke neman layin gaba ɗaya ya zo daidai:

grep -ix asma dalibai.txt

In kuwa da sunan uba a gefe, sai ki fayyace mata iyakar da kanki, fili, farkon layi (^) ko ƙarshensa ($):

grep -iE "(^| )asma( |$)" dalibai.txt

Mummuna ne a ido, na sani, amma ba ya yaudara.

Saura haruffanmu masu ƙugiya: ƙ, ɗ, ɓ. Buga umarnin locale, wanda ke nuna tsarin harshe da haruffa da kwamfutar ke bi, ki duba. In kin ga UTF-8, grep na ɗaukarsu haruffa, lafiya lau. In kuwa C ko POSIX kika gani, za ta ɗauke su ba haruffa ba, har neman "asa" da -w ya kawo miki "ƙasa". Wannan sai ki kira ƙanen naki ya gyara, aikin minti biyu ne.

Kuma ki sa -n a gaba, don ta nuna miki lambar layin da kowane Ali yake, tunda da wuya Islamiyya ta rasa Ali uku.