Rubutu ya fi shafi yawa: a rage harafi ko a rage magana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Funtuwa, an ɗora mini alhakin shirya mujallar ɗalibai mai shafi 16. Da aka zuba rubutun a kwamfuta sai ya yi saura da kusan rabin shafi, mai ɗab'i kuma ya ƙi ƙara shafi, ya ce a rage girman harafi daga poyin 11 zuwa 8 domin komai ya shiga. Shin wannan ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai ɗab'in yana da hujja wajen ƙin ƙara shafi ɗaya, domin mujallar da ake ninkewa a ɗinke da waya a tsakiya, kowace takarda shafi 4 take bayarwa, saboda haka daga 16 sai 20, kuɗin aiki kuma ya hau. Amma ban goyi bayan poyin 8 ba. Poyin 72 ne inci ɗaya, ke nan poyin 8 bai kai milimita 3 ba, kuma a irin wannan ƙanƙanta, idan tawada ta ɗan bazu a takarda mai arha, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ takan ɓace, har iyayen yara su karanta "kasa" a inda aka rubuta "ƙasa".

Rabin shafi a cikin 16 bai wuce layi ɗaya ko biyu a kowane shafi ba, don haka da alƙalami ya kamata ki fara. Ki bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ki nemi waɗanda layinsu na ƙarshe kalma ɗaya ce tal take zaune a kansa. Idan kika cire kalma biyu daga tsakiyar sakin layin, layi guda ya dawo hannunki. Doguwar gaisuwa da godiyar da ɗalibai suke maimaitawa a ƙarshen kowace maƙala su ma suna cin wuri sosai.

Idan hakan bai isa ba, sai a ɗan datse gefen hotuna, sannan a taɓa tazarar da ke tsakanin layuka. Manhajar InDesign, wadda ake tsara shafukan ɗab'i da ita, takan ba harafi mai poyin 11 tazarar poyin 13.2, kuma mayar da ita 12.5 ba ya wahalar da ido. Kada dai ki yarda a matse haruffa ta faɗinsu, domin shafin zai fita daban da sauran.

Baɗi kuwa, ki ƙirga kalmomin da shafi ɗaya yake ɗauka tun kafin a fara, ki gaya wa kowane ɗalibi adadin da ba zai wuce ba.