Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gyara Ƙotar Bindigar Gado

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da bindigar gargajiya da na gada daga mahaifina, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma da ita nake fita cikin 'yan bindiga ranar hawan Sallah. Ƙotarta ta yi baƙi ƙirin a inda take haɗuwa da ƙarfe, sauran jikinta ya dushe, ga tabon buguwa nan da can. Wani kafinta ya ce zai goge ta da inji ya fesa mata banish mai ƙyalli. Shin in ba shi? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka bari inji ya taɓa ta. Injin guga yana cin itace da sauri, kuma inda ya fi yin ɓarna shi ne gefen da itace ya rungumi ƙarfe, domin da zarar an rage wurin sai ƙarfen ya yi tudu, babu kuma dabarar da za ta mayar da abin da aka cinye. Shi kuwa banish mai kauri a saman itace yake tsayawa, rana da gumi da girgizar harbi su fasa shi ya riƙa ɓarewa. Mai ya fi dacewa da ƙota, kuma da man linsid, wani man 'ya'yan tsiro da yake bushewa a jikin itace, aka riƙa shafe ƙotocin bindigogin Lee-Enfield na sojojin Birtaniya.

Kafin komai ka tabbatar babu ɗuri a ciki, domin irin wannan bindiga tana iya shekaru da albarushi a cikinta ba a sani ba. Ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi mata alama, sannan ka gwada ta da tsawon bututun daga waje. Idan ba ta kai ƙarshe ba, ka kai wa maƙeri. Bayan haka sai a raba ƙarfe da itace.

Baƙin da ka gani kusa da ƙarfe galibi mai ne, baƙin mai ko man keke da aka yi ta shafa wa ƙarfen, ya riƙa gangarowa cikin itace duk lokacin da aka jingine bindigar bakinta na kallon sama. Wannan mai yana sa itace ya yi taushi, kuma launi ba ya kama wurin da ya jiƙa, saboda haka dole a fitar da shi. Ka dama garin alli da tina, wato ruwan tsinka fenti, ya yi kauri kamar kunu, ka shafe wurin, ka ajiye a ranar hantsi nesa da wuta. Za ka ga allin ya rine ya koma ruwan ƙasa yayin da yake tsotse man. Ka karkaɗe, ka sake, har allin ya daina rinewa sosai.

Tabon buguwa kuwa, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kansa ka danna da dutsen guga mai zafi. Tururin zai kumbura itacen ya taso, muddin wurin lotsawa ya yi ba yankewa ba. Daga nan sai guga da hannu, da sanfefa mai lamba 180, sannan 220, a ƙare da 320, kullum ana bin tsawon itace ba a ƙetare shi. Idan akwai zanen sassaƙa, buroshin goge haƙori kaɗai za a sa masa.

Game da launi, kada ka yi gaggawar saye. Ka shafa ruwa kaɗan a jikin itacen ka duba, domin kusan launin da ya nuna yana jiƙe shi ne zai nuna bayan an sa mai. Idan maɗaci ne, wanda dama ja ne mai duhu, a ganina ba ya buƙatar ƙari. Idan itacen fari ne kuma kana son ya yi duhu, ka tsinka launin, ka fara gwadawa a cikin kwarin da bututu yake kwanciya, inda ido ba ya gani. Ka shafa kaɗan ka goge nan take, ka bar shi ya kwana. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce ke da wuya, kuma gindin ƙota ya fi ko'ina shan launi.

Man linsid dafaffe za ka nema a shagon masu fenti. Man gyaɗa da man ja da man kaɗe ba sa bushewa a itace, sai dai su yi danƙo su tara ƙura. Ka ɗiga kaɗan a tafin hannu, ka murza har itacen ya yi ɗumi, ka jira kamar rabin sa'a, sannan ka goge duk abin da bai shiga ba. A bar ta aƙalla sa'a 24 kafin shafi na gaba, a maimaita sau 5 ko 6, har da cikin kwarin da gindin, inda danshi ya fi shiga. Da damina bushewar tana jinkiri, da hunturu kuma ƙura ce abin gudu, sai a rataye ta a ɗaki rufaffe. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka a baza shi a waje ko a jiƙa shi cikin ruwa.

Idan ka ga tsagewa a wuyan ƙota, inda hannu yake riƙewa, kada a sake harbi da ita sai gwani ya gyara. Aikin duka zai ci makonni, saboda haka ka fara aƙalla wata guda kafin Sallah.