Amsa ga mai neman dillalin hannun jari mai sauƙin la'ada daga nan Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kana aiki a nan Jidda da igama, wato takardar izinin zama, kana iya ware kimanin riyal 1,000 duk wata, kana son ka riƙa sayen hannun jarin kamfanonin Amurka da na wasu ƙasashe ta waya, kuma ka ga tallar wata manhaja da ta ce ba ta karɓar la'ada ko halala ɗaya (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), shi ne kake tambaya ko ita ta fi arha. 'Yan'uwa sun jero maka sunayen kamfanoni, Allah ya saka musu da alheri. Ni dai aikina lissafin kuɗi ne, kuma na daɗe ina wannan harka da ɗan abin da nake tarawa, don haka zan gaya maka abin da na gani: la'adar da ake tallatawa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka biya, kuma ba a sanin arhar dillali sai an bi riyal tun daga fitarsa bankinka har ranar da zai dawo maka.

Zan fara da kuskurena, domin irin tallar da ka gani ce ta ja ni. A shekarar da na fara, na buɗe asusu a wata manhaja cikin minti goma, na zuba kuɗi da katin banki, na sayi abin da na ɗauka hannun jarin wani babban kamfanin waya ne. Washegari wani ya kira ni da Larabci mai daɗi, ya ce shi ne mai ba ni shawara, yana ta zuga ni in ƙara kuɗi. Bayan wata uku farashin ya ɗan hau, amma kuɗina ya ragu. Na buga takardar bayanin asusun a ofis, na zo da ita gida, na zauna bayan sallar isha'i da jan biro ina bin ta layi-layi, sai na ga kowane dare ana zaftare wani ɗan abu, kuma dare ɗaya a mako ana ninka shi uku saboda ranakun hutu. Ashe ban mallaki komai ba. Abin da na saya kwangila ce a kan bambancin farashi, wadda ake kira CFD, abin da ake zaftarewa kuwa kuɗin ruwa ne na bashin da ban san na ci ba. Ban ɗora laifin a kan kowa ba, tunda an rubuta a cikin sharuɗɗan, ni ne ban karanta ba. Daga baya na ga cewa a 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan asusu asara suke yi. Saboda haka tambayarka ta farko ga kowace manhaja ita ce: hannun jarin gaske nake saye, wanda za a ajiye da sunana, ko kwangila? Idan suka fara kwana-kwana, ka kama gabanka.

Ko masu sayar da hannun jarin gaske ba tare da la'ada ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun 2019 manyan dillalan Amurka irin su Charles Schwab suka soke la'ada ga abokan cinikinsu, amma dillalai suna ci ta wasu ƙofofi, kamar ribar kuɗin da mutane suka bari a ajiye ba su sayi komai ba, da bashin da suke bayarwa, da abin da manyan 'yan kasuwa ke biyan su don a tura musu ciniki. Ga irinmu na waje, babbar ƙofar ita ce canji.

A nan ne nake so ka ɗauko takarda. Tun 1986 an ɗaure riyal da dala a kan 3.75, wannan kuwa babbar ni'ima ce gare mu, wadda duk wanda ya ajiye kuɗinsa a naira ya san darajarta, tunda ya ga dala ta tashi daga kimanin 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. To amma banki ko dillali ba lallai ne ya sayar maka a 3.75 ba. A ce ya sayar maka a 3.77, wato ƙarin halala biyu a kowace dala, ka ga ya ci sama da rabin kashi ɗaya cikin ɗari tun ba ka sayi komai ba, kuma zai sake cin irinsa ranar da za ka mayar da dalar riyal. Sai kuɗin turawa waje. A ce bankinka yana karɓar riyal 50, a ɗora harajin kashi 15 da muke biya tun 2020, ya zama riyal 57 da rabi. A kan riyal 1,000, kusan kashi 6 cikin ɗari ke nan. La'adar dala ɗaya da kake gudu kuwa riyal 3.75 ce kacal, wato kuɗin turawar ya ninka ta sau goma sha biyar. Ni har ya taɓa faruwa da ni cewa kuɗi ya isa can da giɓi, saboda wani banki na tsakani ya yanki nasa a hanya, ba wanda ya sanar da ni tun farko. Maganin wannan shi ne tarawa: idan ka haɗa na wata huɗu ka tura riyal 4,000 a lokaci ɗaya, kuɗin turawar ya sauko ƙasa da kashi ɗaya da rabi.

Hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta farko ita ce dillalan cikin gida masu lasisin Hukumar Kasuwar Jari ta Saudiyya, irin su Al Rajhi Capital da SNB Capital da Derayah da Sahm, waɗanda ban da Tadawul, wato kasuwar hannun jarin Saudiyya, suna ba da damar shiga kasuwar Amurka. Alfanunsu shi ne kuɗinka ba ya buƙatar turawa ta ƙasa da ƙasa daga hannunka, ana buɗe asusun da igama da Nafath (manhajar gwamnati ta tabbatar da ko kai wane ne) da adireshinka na ƙasa, akwai wanda za ka kira da Larabci, idan kuma rigima ta taso akwai kwamitin warware saɓanin takardun jari a nan cikin ƙasa. La'adarsu a kan ciniki ɗaya takan fi ta dillalan waje, kuma tana canzawa, musamman lokacin garaɓasa, don haka ka nemi jadawalin kuɗaɗensu na ranar da za ka buɗe, kada ka dogara da hoton da wani ya turo bara. Hanya ta biyu ita ce dillalin waje kai tsaye, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Interactive Brokers na Amurka. A tsarinsu na tsayayyen farashi rabin santi ne (santi ɗari ke yin dala ɗaya) a kan kowane hannun jari na Amurka, mafi ƙarancin la'ada dala ɗaya, kuma tun Yulin 2021 sun daina cajin wanda ya bar asusunsa bai yi ciniki ba. Suna buɗe maka kasuwannin Landan da Turai da Asiya, ba Amurka kaɗai ba. Sai dai kai za ka ɗauki nauyin tura dala, manhajarsu tana da wuyar sha'ani ga sabon shiga, idan kuma matsala ta faru da ƙasar waje za ka yi magana.

A ra'ayina, mai riyal 1,000 a wata ya fara da na cikin gida, domin kuɗin turawa zai cinye duk ragin da zai samu a waje. Idan jarin ya yi kauri, lissafin yakan juya. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbatar da lasisinsa. Na cikin gida, ka shiga shafin Hukumar Kasuwar Jari da kanka ka ga sunan kamfanin a jerin masu lasisi, ba hoton takardar shaida da suka liƙa a shafinsu ba, domin hukumar nan ta sha yin gargaɗi a kan kamfanonin canji marasa izini masu farautar mutane ta waya. Na Amurka ana duba su a rajistar FINRA, mai sa ido a kan dillalan can, a kuma tabbatar suna cikin SIPC, wadda ke kare dukiyar abokin ciniki har dala 500,000 idan dillalin ya durƙushe, daga ciki 250,000 na tsabar kuɗi. Ka lura, wannan kariya ba ta shafi faɗuwar farashi ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin tabbatacciyar riba duk wata kuwa, ka tuna abin da MMM ta yi wa mutanenmu a ƙarshen 2016.

Akwai kuɗin da ba dillali ke ci ba, amma dillalin da ka zaɓa ne zai sa ka iya rage shi ko ka kasa. Wajen buɗe asusu za ka cike fom ɗin W-8BEN, wanda ke shaida cewa kai ba Ba'amurke ba ne. Da shi, Amurka ba ta karɓar haraji a kan ribar da ka samu idan ka sayar da hannun jari, amma tana yanke kashi 30 cikin ɗari na rabon ribar da kamfani ke yi, saboda Saudiyya ba ta da yarjejeniyar rage wannan haraji da ita, Najeriya ma haka. Idan aka raba maka dala 100, 70 za ka gani, ko ta dillalin Jidda ka saya ko ta na can. Wanda ya fi wannan nauyi, mutanenmu kuma ba su cika jin labarinsa ba, shi ne harajin gado. Baƙon da ya rasu ya bar hannun jarin Amurka da ya haura dala 60,000, wato riyal 225,000, dokarsu ta ɗora wa abin da ya ɗara haraji da ke iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari kafin a zo maganar rabon magada. Yanzu za ka ga adadin da nisa, amma mai tarawa shekara goma sha biyar zai iya cim masa. Shi ya sa da yawa ke sayen asusun haɗaka da ake kira ETF, wato kwando ɗaya mai ɗauke da hannun jarin kamfanoni da yawa, masu rajista a ƙasar Ayalan, waɗanda ake cinikinsu a kasuwar Landan, da yawansu da dala. Su kashi 15 ake yanke musu a rabon ribar kamfanonin Amurka, kuma ba sa shiga wancan harajin gadon. Manhajar da kasuwar Amurka kaɗai take buɗewa ba za ta iya ba ka wannan ba, komai arhar la'adarta.

Ta fuskar shari'a ba ni ne mai fatawa ba, amma akwai abin da ya shafi zaɓin dillali. Ka buɗe asusun tsabar kuɗi, wanda ba za ka sayi abin da ya wuce kuɗinka ba, ka guji na bashi, ka kashe zaɓin karɓar ruwa a kan kuɗin ajiya da na ba da aron hannun jarinka idan akwai. Kamfanoni kuwa ka san yadda ake raba su a nan, ana cewa wannan tsarkakakke ne, wancan gauraye, wato akwai ɗan ruwa ko haram a cikin harkarsa. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya yarda da kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, matuƙar bashinsa mai ruwa bai wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa ba, kuma kuɗin shigarsa na haram bai wuce kashi 5 ba, sannan a fitar da wannan kason a bayar. Wasu malaman ba su yarda da gaurayen ba sam, sai ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Akwai asusun haɗaka da aka riga aka tace, irin su SPUS da HLAL a Amurka da na iShares a Landan. Ka dubi kuɗin kulawarsu na shekara, domin a kan riyal 100,000, rabin kashi ɗaya riyal 500 ne, kashi ɗaya da rabi kuwa 1,500 ne, kuma kowace shekara ake cira ko an ci riba ko ba a ci ba.

Abu na gaba ya shafe mu ne mu masu igama. Kuɗin ya fita daga asusun banki mai sunanka, ya kuma dace da albashinka, domin dillalai ba sa karɓar kuɗi daga hannun wani, bankunan nan kuma suna tambayar tushen kuɗi. Kada ka karɓi na 'yan'uwa ka haɗa da naka da sunan taimako, za ka jawo wa kanka tuhumar da ba ka da takardar kare kai a kanta. Sannan igama ba ta dindindin ba ce. Wata shekara kamfaninmu ya yi jinkirin sabunta tawa, banki ya dakatar da asusuna, na yi makonni ina kallon kuɗina a waya ba halin taɓawa, a daidai lokacin da ake nemana da kuɗin makarantar yara a gida. Tun daga nan ban ƙara sa kuɗin da zan buƙata cikin shekara a kasuwa ba, kuma nakan tambayi kowane dillali me zai faru ranar da aka buga mini bizar fita ta ƙarshe daga Saudiyya: zan ci gaba da riƙe asusun daga Kano ko Yamai, ko dole in sayar da komai ko da kasuwa ta faɗi? Za a iya mayar da hannun jarina wani dillali ba tare da sayarwa ba, kuma nawa ne? Idan ta Allah ta kasance, waɗanne takardu magada za su kawo? Ba kowane dillalin waje ne ke karɓar mazauna ƙasashenmu ba, gara ka ji tun kana nan.

Kasuwar New York tana buɗewa ƙarfe huɗu da rabi na yamma agogon nan a lokacin zafi, biyar da rabi a lokacin sanyi, Litinin zuwa Juma'a, ka ga bayan tashi daga aiki ne. Idan ka tsayar da dillali ɗaya, ka gwada shi da riyal 500 tukuna: ka zuba, ka canza, ka sayi abu ɗaya, ka sayar, ka mayar da kuɗin bankinka, ka rubuta nawa ya fita, nawa ya dawo, da kwana nawa ya yi a hanya. Waɗancan tambayoyi uku kuma ka tura musu a rubuce, su amsa a rubuce. Idan ka samu amsar da sakamakon gwajin, ka kawo su nan mu duba tare, amma ka rufe lambar asusunka da ta igama kafin ka turo hoton.