Likita ina mura, zan iya shan maganin buɗe hanci in yi nutso?

Tambayoyin wannan makon yawanci daga masu nutso a teku ne, masu goya silindar iska a baya, kuma kusan duk a kan mura da kunne suke, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, don Allah na biya kuɗin nutso tun watan jiya, jibi ne ranar, sai ga mura ta kamani, hanci a toshe kai yayi nauyi amma ba zazzaɓi. Abokina yace in sha Sudafed ko in fesa Otrivin kafin mu shiga ruwa wai shi haka yake yi kullum ba abinda ya taɓa samunsa. Ya kake gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sawwaƙe. Ka ɗaga ranar kawai, nasan kuɗin ne ke cinka a rai amma bari kaji dalili.

A bayan dodon kunnenka akwai ɗan wani ɗaki mai iska, kuma hanyarsa ɗaya ce tak, wani siririn bututu da ya gangaro ya ɓullo ta bayan hanci. Shi kuma ruwa nauyi gareshi, duk mita 10 da ka sauka a teku an ƙara maka matsi daidai da wanda iskar duniya take yi maka a bakin gaɓa, wato a mita 10 ɗin farko matsin ya ninka biyu, iskar da ke cikin kunnen ta tsuke ta koma rabi, abin da masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana kenan tun 1662. Shi yasa malaman nutso suke ta nanata muku ku matse hanci ku hura a hankali kuna sauka, don iska ta bi bututun nan ta cike gurbin. To mura tana kumbura fatar cikin bututun ta cika shi da majina, kayi ta hurawa a banza, ruwa yayi ta danna dodon kunne ciki, kuma ba sai kayi nisa ba, 'yan mitoci kaɗan sun isa su fasa shi.

Maganin yana aiki fa, ban ce baya yi ba, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na cikin hanci kumburin ya sauka hanya ta buɗe. Matsalar ita ce bai warkar da murar ba, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne, ƙwayar Sudafed ta yau da kullum awa 4 zuwa 6 take yi. Ka lissafa, ka sha da sassafe, an shiga jirgin ruwa an yi tafiya, an yi nutso na farko an huta, ka shiga na biyu, kana can mita 18 maganin ya sakeka kumburin ya dawo, kai baka ma sani ba tunda a can ƙasan ruwa ba abinda zakaji. Sai ka fara hawowa iskar da ka tura cikin kunne da kanka ta fara kumbura tana neman hanyar fita, hanya a rufe. In wajen sauka ne kunne ya ƙi, ai da sauƙi, ka fasa ka koma sama. Amma wajen hawowa ba zancen fasawa, iskar silindarka ƙarewa take yi, dole ka fito ko kunnen ya yarda ko bai yarda ba. Wani dodon kunnen ne ke fashewa, wani kunne ɗaya ya buɗe ɗayan ya ƙi sai jiri ya ɗebe shi a cikin ruwa ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa, har da amai a cikin abin shaƙar iska.

In hakan ta taɓa samunka ka tsaya, ka koma ƙasa kamar mita ɗaya ko biyu har zafin ya lafa, ka haɗiyi yawu ka motsa muƙamuƙi ka taho a hankali ƙwarai, kar ka matse hanci ka hura domin ƙara iska kake yi inda ta riga tayi yawa. Shi kuma abokin naka ka gaya masa ba kullum ake kwana a gado ba.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni da na fito daga ruwa naga jini da majina a cikin gilashin fuskata, goshina da saman haƙorana suna ciwo, na tsorata sosai.

AMSA: Yauwa 'yar uwa, wannan yawanci daga kogunan iska ne da ke cikin ƙashin goshi da kumatu, suma ƙananan ƙofofi garesu zuwa hanci, in sun toshe matsin ruwa sai ya tsotso jini ya tara a ciki, kina hawowa iska ta turo shi waje. Galibi yana warkewa da kansa in kin huta da nutso. Amma in ciwon ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki, ko zazzaɓi ya shigo, ko wani ɓangare na fuska ya mutu baki jinsa, ki je a dubaki. In kuma jinin da tari yake fitowa daga ƙirji to wannan wata magana ce daban, asibiti nan take.

TAMBAYA: Ni likita ba mura bace, hancina kullum a toshe yake saboda ƙura da atishawa, na fi wata uku ina fesa Otrivin safe da yamma in ban fesa ba bana iya barci, wani lokacin in haɗa da Piriton. Zan iya fara koyon nutso?

AMSA: Malam kafin maganar nutso sai mun rabaka da feshin nan tukuna. Irinsu Otrivin da Afrin ba a son a wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani dasu a jere, in an wuce hanci yana sabawa, da ya sakeka sai toshewar ta dawo fiye da da, ka sake fesawa, haka za'a yi ta yi, yanzu haka wataƙila rabin toshewar da kake fama da ita maganin ne ya jawo. Kaje wajen likitan kunne da hanci ya leƙa ciki, akwai feshi na daban mai rage kumburi a hankali wanda ake iya daɗewa a kansa, da yawa masu irin matsalarka suna nutso lafiya lau bayan an daidaita su. Piriton kuma barci yake sawa, ga shi dama wajen mita 30 iskar naitirojin tana sa mutum yaji kamar ya bugu tunaninsa yayi nauyi, ka haɗa biyun kaga ba mai karanta agogon da ke nuna sauran iskar silinda daidai kenan.

TAMBAYA: Ina da hawan jini ina shan magani, kuma da naitiroks nake nutso, Sudafed ɗin zai iya min illa?

AMSA: Ƙwarai kuwa Alhaji. Sinadarin da ke cikinsa yana ɗaga hawan jini, yana sa zuciya bugawa da sauri, wasu yasa musu fargaba da rawar hannu, kuma shi kansa nutso aiki ne a kan zuciya ga sanyi ga ninƙaya da kaya. Naitiroks kuma oksijin ɗinsa ya fi na iskar da muke shaƙa, 32 ko 36 cikin ɗari maimakon 21, in ya yi yawa a zurfi yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi yasa likitocin nutso basa son a ɗora masa maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa. Jijjiga a ƙarƙashin ruwa abin shaƙar iskar da ke bakinka ne zai suɓuce, sauran ba sai na faɗa ba. Ni dai bazan sa maka hannu ba.

TAMBAYA: Nayi nutso da 'yar mura shekaranjiya, har yanzu kunnena na dama kamar an cusa auduga, in ɗiga magani? Yaushe zan koma ruwa?

AMSA: Kar ka ɗiga komai kar kuma ka sa tsinke sai an haska an ga dodon kunnen, in a fashe yake wasu magungunan ɗigawa ɓarna suke yi a ciki. Mai yiwuwa ruwa ko jini ne ya taru a bayansa, wannan yakan ɗauki sati ɗaya zuwa 'yan makonni, fashewa kuma takan kai wata biyu kafin ta haɗe. Amma in akwai jiri, ko ƙara tana maka "wiii" ba tsayawa, ko jinka ya ragu sosai, yau ɗin nan zaka ga likita ba gobe ba, don yana iya zama kunnen can ciki ne ya taɓu, ka kuma gaya masa nutso kayi da zurfin da ka kai.

Komawa ruwa sai kana shaƙar iska ta ƙofofin hanci biyu ba tare da ka sha komai ba, kunnuwa biyu suna buɗewa in ka haɗiyi yawu, kuma tari ya tsaya gaba ɗaya. Tarin nan kar ka raina shi, in majina ta toshe wata 'yar hanya a huhu iskar da ta maƙale zata kumbura wajen hawowa, tana iya fasa huhun ko ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa, don haka in murar ta sauka ƙirji ka bari likita ya saurari ƙirjin kafin ka sake goya silinda.