Amsa ga 'yar uwar da ƙanwarta ta samu bugun zuciya tana shekara 24

Assalamu alaikum 'yar uwa, Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Kin yi tambaya yaya yarinya 'yar shekara 24, ba ƙiba ba ciwon suga, za ta samu bugun zuciya, har likita ya ce kumburin manyan jijiyoyin jini ne. Ina karantawa gabana ya faɗi, don hanyar da muka bi da 'yata ke nan.

Nata ya faro da kasala, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Maganin maleriya da na taifod ba irin wanda ba ta sha ba. Daga baya in tana shanya ko taje kai, sai hannun hagu ya mutu mata, ta sauke shi ya huta. Ranar da ƙirji ya riƙe ta, tana zufa tana haki, cewa muka yi olsa ce. A asibiti wata nas ta daɗe tana lalube a wuyan hannun hagu, ba ta ji bugun jini ba. Ta yi awon hawan jini a hannu biyu, lambobin suka sha bamban ƙwarai. Nan asirin ciwon ya tonu.

Sunansa Takayasu, sunan wani likitan ido na Japan da ya yi bayaninsa a 1908. Mata ya fi kamawa, yawanci kafin shekara 40. Garkuwar jiki ce ke afka wa bangon babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da rassanta, bangon ya yi kauri, hanya ta tsuke. To su jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya, daga gindin wannan babbar jijiya suke tsirowa. Kumburi na matse bakinsu, jini ya gaza isa. Ba sai kitse ya taru ba, shi ya sa ƙuruciya ba ta kare ta ba.

Abin da na fi so ki riƙe: buɗe jijiyar da ta toshe bai kashe wutar kumburin ba. Ku nemi likitan cututtukan garkuwar jiki ya haɗa hannu da likitan zuciya. Prednisolone, maganin kwantar da kumburin, zai iya kumbura mata fuska, za ta yi kuka a gaban madubi kamar yadda tawa ta yi, amma don Allah kada ta yanke shi lokaci guda. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. In an ɗora ta a kan methotrexate, maganin danne garkuwar jiki, ba a ɗaukar ciki a kansa, a gaya wa mijin tun wuri in tana da aure.

Ku kuma kula da awon hawan jini. Hannun da jijiyarsa ta tsuke yana nuna lamba ƙasa da gaskiya. Ku tambayi likita hannun da za a riƙa aunawa, wasu ma a ƙafa ake auna su.

Duk ranar da ƙirji ya sake riƙe ta, ko da tsakar dare ne, kada ku tsaya a kemis. Ku wuce asibiti da takardunta, ku faɗi sunan ciwon tun daga ƙofa, ku roƙi a yi mata ECG, wato gwajin zuciya da na'ura, nan take.