Amsa kan agwagin dajin da ke zuwa mana da hunturu

Malam, ka tambaya ko agwagin dajin da kake gani a dam ɗin Kangimi lokacin hunturu jininsu ɗaya ne, ko kowace ƙasa da nata iri.

Da farko ka raba su biyu. Kirinjijiya da dinya 'yan gida ne, a Afirka suke ƙyanƙyasa, ruwa kawai suke bi. Baƙin su ne irin ƙaramar agwagwar nan da namijinta ke da farin layi a saman ido. Ita a Turai da Rasha take ƙwai, ta ƙetaro Sahara ta sauka fadamar Hadejia da Nguru da Tafkin Chadi, kafin damina ta koma.

Wajen baƙin nan abin yake da daɗin bincike. A yawancin agwagi, mace kan koma inda aka ƙyanƙyashe ta, shi kuwa namiji tun kafin a isa gida yake samun mata, sai ya bi ta garinsu. Shi ya sa idan aka duba ƙwayoyin gadon da ake ɗauka daga uwa kaɗai, akan ga ɗan bambanci tsakanin yanki da yanki, amma na uwa da uba a haɗe a gauraye suke. A ganina cewa "agwagwar Rasha" ko "ta Turai" ba ya da wani ƙarfi.

Tunda kana kiwo, ka hana kajinka shan ruwan da agwagin dajin suke sauka, saboda gudun murar tsuntsaye. A jihar nan ta Kaduna, wajen Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a Afirka, a Fabrairun 2006.