Fatakar Kaka ta 1913: Yaya Ake Gane Matakin Kyanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Tudun Wadan Zariya nake rubutowa. Bayan rasuwar kakarmu, muna haɗa kayanta sai muka tarar da fataka ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudu. Shekarar da ke jiki 1913 ce, gefe ɗaya kan sarkin Ingila, ɗaya gefen bishiyar kwakwa. Rubutun duk yana karantuwa, amma gemun sarkin ya shafe, ta kuma yi baƙi. Wani a kasuwar Sabon Gari ya ce zai saya a kan nauyin azurfarta. Yaya zan gane matakin kyanta? Kuma in goge ta da toka da lemun tsami kafin in kai masa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Kafin komai, ɗan'uwa, don Allah ka ajiye tokar nan. Zan dawo kanta.

Abin da ke hannunka sule biyu ne na kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa. A 1912 aka kafa hukumar da ta riƙa fitar da su, a 1913 kuma na azurfa suka fara fita: toro, sisi, sule da fataka, da hoton Sarki Joji na biyar. Taka ta shekarar farko ce ke nan. Azurfarta kashi 925 ce cikin 1000, nauyinta a sabuwa giram 11.31. Sai a 1920 aka rage azurfar zuwa kashi 500 cikin 1000, aka kuma koma buga na tagulla. Ka fara kai ta wurin masu sayar da zinare su ɗora a ƙaramin ma'auninsu. In ta ɗan gaza kaɗan, tsufa ne ya ci. In ta gaza da giram guda ko fiye, ko maganaɗisu ya kama ta, to akwai magana.

Shi matakin kyau ba daga haske ake gane shi ba, daga abin da hannun mutane ya cinye ne. Kuɗi yana fara gogewa ne ta wuraren da suka fi tudu. Don haka ka fita da ita bakin zaure da hantsi, ka riƙe ta ta gefe da yatsa biyu, kana karkata ta a hankali. Kada ka sa fitilar waya, tana kashe ido ta ɓoye ƙarzuwa. Dubi ɗamarar da ta zagaye gindin hular sarautar, inda aka jera ƙananan duwatsun ado. Nan ne ke fara tafiya. Sai gashin baki da gemu, sai kunne, sai adon wuyan alkyabbar. In ka juya ta, ka duba ganyen kwakwar: shin zare-zaren kowane reshe a rarrabe suke, ko sun haɗe sun zama shafi ɗaya? Ka kuma duba saƙar jikin kututturen da ya raba shekarar biyu, tsakanin 19 da 13.

Masu sana'ar tantance tsofaffin kuɗi suna aiki da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, Wiliyam Sheldon, ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba ne, wanda in ka juya shi a haske sai ka ga ƙyalli yana zagaya fuskarsa. Irin wannan da wuya a same shi a adudun gida. A 40 zuwa 45, tudun nan ne kawai suka ɗan sumulce, sauran zanen a tsaye yake, da ragowar ƙyalli a lungun haruffa. A 20 zuwa 35, tsakiyar ɗamarar hular ta fara shafewa amma ana ganin silin gemu nan da can. A 12 zuwa 15, rubutu yana nan daram, siffar sarki a fili, sai dai gemu da ɗamarar sun zama sumul. Bisa bayaninka, nan nake kyautata zaton taka take, wataƙila ta taɓa 20 in ganyen kwakwar bai haɗe ba. Ba abin raini ba ne ga kuɗin da ya haura shekara 110.

Akwai kuma lahanin da ke fitar da kuɗi daga ma'aunin gaba ɗaya. A ƙasarmu wanda ya fi yawa shi ne huji da tabon maƙera, domin iyayenmu mata sun sha mayar da sule da fataka kayan ado, a huda ko a liƙa musu kunne a rataya. Bi bakin fatakar da farce, ka ji ko zarar gefen ta yanke a wani wuri, ko an cike rami an goge.

Lahani na biyu shi ne wanki. Baƙin da ka gani ba datti ba ne, azurfa ce ta haɗu da iska tsawon shekaru, masu tara tsofaffin kuɗi kuma shi suke so su gani, don shi ke nuna ba a taɓa ta ba. Toka tana barin siraran ƙarzuwa masu bin hanya ɗaya, lemun tsami yana cin fatar ƙarfen ya bar ta fari fat ba rai. Na taɓa riƙe sule mai kyan gaske da aka dirje da toka don a burge mai saye, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin babu mai iya mayar da shi yadda yake. Kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS ba sa ba wankakken kuɗi lamba a ma'aunin.

Game da mutumin Sabon Gari, kuɗin nauyi shi ne mafi ƙarancin abin da za ta yi, azurfa zalla wajen giram 10 da rabi. A matakin da nake zato, ƙarin da mai tarawa zai ɗora ba zai yi yawa ba, kada in sa maka dogon buri. Amma mai sayen nauyi yawanci narkarwa zai yi, ni kuwa da tawa ce ba zan bari ta shiga wuta ba. Ka cire ta daga tsumman, ka naɗe ta a farar takarda mara rubutu, ka sa inda damshin damina ba ya kaiwa, ka rubuta sunan kaka a bayan takardar.